Oda Nobunaga: Wawan Owari da ya ɗauko haɗa kan Japan daga saman dutsen Gifu

A birnin Gifu da ke tsakiyar ƙasar Japan, tafiyar kimanin minti 20 a jirgin ƙasa daga Nagoya, akwai wani dutse mai cike da itatuwa da ake kira Kinka. Tsawonsa mita 329 ne, kuma a can ƙololuwarsa akwai wata farar fada da ake hangowa daga nesa. Masu yawon buɗe ido ba sa shan wahalar hawa. Daga lambun shaƙatawa da ke gindin dutsen sukan shiga motar igiya, wato wani ɗaki mai tagogin gilashi da ke rataye a jikin igiyar ƙarfe, inji na jan sa sama ta bisa kawunan itatuwa. Cikin ƙasa da minti 5 sun kai tashar sama, daga nan sai ɗan tattaki a kan matakalan dutse zuwa ƙofar fadar.

Daga benen ƙarshe na ginin, ana ganin kogin Nagara yana ratsa gari, da filayen da suka shimfiɗu har wajen Nagoya in sararin sama ya yi garau. Wannan kallo da ake samu a yau da kuɗin tikiti, mutumin da ya raɗa wa birnin suna sai da ya yi kusan shekaru 6 yana yaƙi kafin ya samu. Shi ne Oda Nobunaga, jagoran yaƙin ƙarni na 16 da ya buɗe kasuwanni da hanyoyi, ya ɗaga ƴaƴan talakawa zuwa manyan muƙamai, ya kuma ƙone dubban mutane da ransu. Daga kan wannan dutse ya fara aikin haɗa kan Japan, aikin da bai rayu ya ga ƙarshensa ba.

Yaron da gari ya ɗauka wawa ne

An haifi Nobunaga a shekara ta 1534 a lardin Owari, yankin da Nagoya take a yau. A lokacin Japan ta daɗe a wargaje. Tun bayan yaƙin Onin da ya ɓarke a 1467, sarkin ƙasar da ke Kiyoto ya zama na suna kawai, shi ma shogun, wato shugaban mulkin soja da ke riƙe da ƙasa da sunan sarki, ƙarfinsa bai wuce kewayen birnin ba. Kowane lardi yana hannun wani mai ƙarfi, kowa na kai wa maƙwabcinsa hari.

Mahaifinsa, Oda Nobuhide, yana cikin irin waɗannan masu ƙarfi, amma ko Owari ɗin ma ba duka yake riƙe da shi ba. Yaron ya taso ba ya bin tsarin gidan sarauta. Yakan yi shigar da bai kamata ɗan babban gida ya yi ba, ya riƙa yawo da ƴaƴan talakawa yana cin ƴaƴan itace a kan titi, abin da ya sa aka laƙaba masa Wawan Owari. A wajen jana'izar mahaifinsa, a farkon shekarun 1550, ya zo cikin shigar da ba ta dace ba, ya damƙi garin turaren wuta ya watsa wa wurin da aka keɓe domin girmama mamacin, ya juya ya fita. A 1553, dattijon da ya rene shi, Hirate Masahide, ya kashe kansa ta hanyar farke ciki, kuma an daɗe ana danganta hakan da baƙin cikin halin yaron.

Wanda ya fara gane cewa ba wauta ba ce shi ne surukinsa, Saito Dosan, mai mulkin lardin Mino da ke arewa da Owari, wanda saboda makirci ake kira Kububuwar Mino. Dosan ya aurar masa da ɗiyarsa Nohime domin a samu sulhu tsakanin gidajen biyu, kuma shi ne ke zaune a kan dutsen da ake kira Kinka a yau, a sansanin da a lokacin ake kira Inabayama. Da suka haɗu ido da ido a 1553, Nobunaga ya taho da dakaru masu dogayen masu da bindigogi, ya kuma sauya tufafi ya shiga wurin ganawar cikin cikakkiyar shigar girma. Ota Gyuichi, baran Nobunaga da ya rubuta tarihinsa, ya ruwaito cewa Dosan ya koma gida da tunanin wata rana ƴaƴansa za su zama barorin wannan saurayi.

A cikin gida ma bai samu sauƙi ba. Ƙanensa Nobuyuki ya yi masa tawaye a 1556 da goyon bayan wasu dattawan gidan. Nobunaga ya ci shi da yaƙi, ya yafe masa bisa roƙon mahaifiyarsu. Da ya sake ƙulla wani makircin, sai ya yi ƙaryar rashin lafiya, ƙanen ya zo gaishe shi, aka kashe shi.

Ruwan sama a Okehazama

Sunansa ya fita ne a 1560. Imagawa Yoshimoto, ɗaya daga cikin manyan masu ƙarfi na gabashin ƙasar, ya shigo Owari da rundunar da aka fi ƙiyastawa da mutum 25,000. Nobunaga ba shi da fiye da 3,000. Maimakon ya kulle kansa a bayan ganuwa, sai ya fita. A wani wuri da ake kira Okehazama, bayan an tafka ruwan sama mai ƙarfi da ya ɓoye motsin dakarunsa, ya afka wa ayarin da Yoshimoto kansa ke ciki. Aka sare kan Yoshimoto, babbar rundunar ta watse.

Faɗuwar Imagawa ta ƴantar da wani matashi da ya taso a matsayin jingina a hannunsu, wanda daga baya duniya ta sani da Tokugawa Ieyasu. A 1562 shi da Nobunaga suka ƙulla ƙawancen da ya kai shekaru 20. Da ya samu mai tsare masa gabas, Nobunaga ya juya fuskarsa arewa, wajen Mino.

Dutsen da ya ƙi faɗuwa

Kafin wannan lokaci surukinsa ya rasu. A 1556 ɗan Dosan na cikinsa, Yoshitatsu, ya yaƙe shi ya kashe shi a gaɓar kogin Nagara, a ƙarƙashin dutsen nan. Wannan ya ba Nobunaga hujjar neman Mino da sunan ɗaukar fansa. Yoshitatsu ya mutu a 1561, mulki ya faɗa hannun ɗansa Tatsuoki wanda bai daɗe da fita ƙuruciya ba.

Duk da haka Inabayama bai faɗi da sauƙi ba. Dutse ne mai gangare ta kowane ɓangare, ga kogi ya tsare shi ta arewa. Hare-haren farko ba su kai ko'ina ba. A 1563 Nobunaga ya tashi hedikwatarsa zuwa Komaki domin ya matso kusa, ya kuma koma zawarcin manyan kwamandojin Tatsuoki ɗaya bayan ɗaya. A 1567 uku daga cikin manyan jiga-jigan Mino suka sauya sheƙa. Nan take ya taho da runduna, ya ƙone garin da ke gindin dutsen, ya yi wa sansanin ƙawanya. Tatsuoki ya gudu ta kogi.

Nobunaga, mai shekaru 33, ya tare a wurin, ya sauya sunan sansanin da na garin zuwa Gifu. An ruwaito cewa wani malamin addinin Buddha mai suna Takugen ne ya ba shi shawara, kuma sunan yana nuni da dutsen Qi na ƙasar Sin, inda daular Zhou ta taso kafin ta mamaye ƙasa. A daidai lokacin ya fara buga wa wasiƙunsa wani hatimi mai ma'anar shimfiɗa iko da ƙarfin makami a kan ƙasa. Masana tarihi da dama a yau na ganin Kiyoto da kewayenta yake nufi a lokacin, amma ko ma wanne ne, saƙon ya isa kunnen maƙwabta: mai Owari ya daina tunanin lardi ɗaya.

Shekara guda bayan haka, a 1568, ya tashi daga Gifu da babbar runduna ya shiga Kiyoto, ya ɗora Ashikaga Yoshiaki a kujerar shogun. Kujera ta Yoshiaki ce, amma iko na Nobunaga ne.

Kasuwa ba shinge

Abin da ya fara yi a Gifu bayan yaƙi shi ne dawo da mutanen da suka gudu. A 1567 ya sa aka kafa allon sanarwa a kasuwar Kano da ke kusa, inda aka ba duk wanda ya zo ya zauna damar zirga-zirga a ƙasarsa, aka kuma sauke masa wasu haraji da basussuka. A zamanin, ƙungiyoyin ƴan kasuwa da ke ƙarƙashin wuraren ibada da manyan fadawa ne ke yin babakere a kan kayayyaki irin su mai da gishiri, ba mai sayarwa sai da izininsu. Nobunaga ya sassauta wannan a garuruwan da yake son su cika. Ya kuma rushe shingayen karɓar kuɗi da suka yi yawa a kan hanyoyi, waɗanda ke sa kaya su yi tsada kafin su isa kasuwa, ya sa aka faɗaɗa hanyoyi aka gina gadoji. Ba tausayi kaɗai ba ne: kasuwa mai cika ita ke kawo kuɗin sayen albarushi, hanya mai kyau kuma ita ke kai soja da wuri.

Wani limamin Kirista ɗan ƙasar Fotugal, Luis Frois, ya ziyarci Gifu a 1569 yana neman kariya ga masu wa'azi a Kiyoto. A rubuce-rubucensa ya kwatanta hayaniyar garin da ta tsohuwar Babila, ga fatake da dawakai ɗauke da gishiri da yadi daga larduna daban-daban. Ya bayyana wani gida mai hawa huɗu a gindin dutsen, da lambuna da tafkuna, kuma an hau da shi har can sama inda Nobunaga ke zaune da iyalinsa. Ya lura da yadda manyan mutane ke rawar jiki in maigidan ya ɗaga hannu. Masu tonon kayan tarihi sun gano harsashin wannan gida a cikin lambun da motar igiya ke tashi a yau, har da ɓaraguzan rufi masu ruwan zinariya.

Wajen ɗaukar ma'aikata ma bai damu da asali ba. Toyotomi Hideyoshi ɗan manomi ne da ya fara daga ƙaramin bara, ya zama ɗaya daga cikin manyan kwamandojinsa. Akechi Mitsuhide kuwa baƙo ne da ya zo ta hannun Yoshiaki, cikin ƴan shekaru ya samu ƙasa da sansani nasa na kansa.

Wutar Hiei da Nagashima

Ƙarfin da ya tara ya haɗa masa maƙiya. Shogun ɗin da ya naɗa ya fara aika wasiƙu a asirce yana tara masa abokan gaba. Azai Nagamasa, mijin ƙanwarsa Oichi, ya juya masa baya a 1570 ana tsakiyar yaƙi, Nobunaga ya sha da ƙyar.

Martaninsa ya girgiza ƙasar. Dutsen Hiei da ke kallon Kiyoto mazaunin Enryakuji ne, cibiyar addinin Buddha mai kusan shekaru 800 a lokacin, wadda ke da filaye da mayaƙanta. Malaman wurin sun ba dakarun Azai da na Asakura mafaka, suka kuma yi biris da gargaɗinsa. A 1571 ya kewaye dutsen ya sa wuta. Rubuce-rubucen zamanin sun yi maganar dubban matattu, har da mata da yara. A 1573 ya kori Yoshiaki daga Kiyoto, abin da ya kawo ƙarshen mulkin gidan Ashikaga na sama da shekaru 230. A shekarar ce kuma ya murƙushe Asakura da Azai. Nagamasa ya kashe kansa, aka fito da Oichi da ɗiyanta mata uku, amma ɗansa namiji bai tsira ba.

Mafi muni ya faru a Nagashima a 1574. Mabiya wata ɗariƙar Buddha da ake kira Ikko, akasarinsu manoma da ƙananan mayaƙa, sun daɗe suna ba shi wahala, sun kuma yi sanadin mutuwar ƴan'uwansa. Bayan ƙawanyar watanni da yunwa, ya sa aka zagaye sansanoninsu biyu na ƙarshe da shinge aka cinna wuta. An ƙiyasta mutum 20,000 ne suka mutu a ciki. Babbar cibiyar ɗariƙar da ke Ishiyama, inda birnin Osaka yake a yau, ta yi shekaru 10 tana turjiya kafin a yi sulhu a 1580.

Bindiga da baƙi

Turawan Fotugal ne suka shigo da bindigar ɗuri Japan a 1543, maƙeran ƙasar kuma suka koyi ƙera ta cikin ɗan lokaci. Nobunaga ya mallaki Sakai, tashar jiragen ruwa da ke kan gaba wajen ƙera bindiga da shigo da sinadarin albarushi. A yaƙin Nagashino na 1575, shi da Ieyasu suka jera masu bindiga a bayan shingen itace, suka karya rundunar Takeda da ake tsoro a faɗin ƙasar. Majiyoyin tarihi sun bambanta a kan adadin bindigogin, daga 1,000 zuwa 3,000.

Bayan wannan nasara ya miƙa Gifu da shugabancin gidan Oda ga babban ɗansa Nobutada. A 1576 ya fara gina sabuwar fada a Azuchi, a bakin tafkin Biwa kusa da Kiyoto, mai doguwar hasumiya da aka ƙawata da zane da zinariya.

Yana son duk wani baƙon abu. Ya bar Kiristoci suka gina coci a Kiyoto da makaranta a Azuchi, ko da yake bai karɓi addininsu ba, kuma hakan ya yi masa amfani wajen rage ƙarfin malaman Buddha. A 1581 wani babban limami ɗan Italiya, Alessandro Valignano, ya zo Kiyoto tare da wani baƙar fata ɗan Afirka. Jama'a suka yi cincirindo domin ganinsa. Nobunaga ya sa aka kawo shi, ya sa aka wanke masa jiki domin ya tabbatar ba tawada aka shafa masa ba. Daga nan ya ɗauke shi cikin mutanensa, ya ba shi gida da albashi da gajeren takobi. Da sunan Yasuke aka san shi, kuma yana tare da ubangidansa har ranar ƙarshe.

Asubar Honnoji

Yayin da ƙasarsa ke faɗaɗa, zama kusa da shi na ƙara zama haɗari. A 1580 ya kori Sakuma Nobumori, kwamandan da ya yi wa gidan Oda hidima kusan shekaru 30, da doguwar takardar tuhuma a kan gazawa. Ya kuma kori dattijo Hayashi Hidesada, inda aka tono laifin goyon bayan ƙanensa da ya yi shekaru 24 da suka wuce. Kafin nan wani kwamandan, Araki Murashige, ya yi tawaye ya tsere, aka kashe ɗaruruwan iyalansa da na mutanensa. Duk wanda ke yi masa aiki ya gane cewa nasarar jiya ba ta sayen amincin gobe.

A farkon 1582 ya gama da gidan Takeda, tsakiyar Japan ta dawo hannunsa. Hideyoshi na yaƙi da gidan Mori a yamma, ya nemi ƙarin dakaru. Nobunaga ya umarci Akechi Mitsuhide ya tafi, shi kuma ya sauka a wurin ibada na Honnoji a Kiyoto da ƴan tsirarun barori da dogarai. Mitsuhide ya fito da mutum kimanin 13,000, amma maimakon ya nufi yamma sai ya karkata zuwa Kiyoto. Da asubar ranar 21 ga watan Yuni na 1582 suka kewaye Honnoji. Nobunaga ya yi faɗa da baka, da igiyar ta tsinke ya ɗauki mashi, da aka raunata shi ya shige can ciki wuta na ci, ya kashe kansa. Ba a ga gawarsa ba. Bai cika shekaru 50 ba. Nobutada ma ya mutu a ranar a wani gida da ke kusa. Yasuke ya yi faɗa a can kafin ya miƙa takobinsa, aka mayar da shi hannun limaman coci.

Har gobe masana na muhawara a kan dalilin Mitsuhide: wasu na cewa wulaƙanci ne ya taru, wasu na cewa tsoron a yi masa irin ta Sakuma, wasu na cewa son mulki, wasu kuma na danganta shi da sauyin manufar Nobunaga a kan tsibirin Shikoku, inda Mitsuhide ke shiga tsakani. Bai ci moriyar abin ba. Hideyoshi ya yi sulhu da Mori cikin gaggawa ya dawo, ya ci shi da yaƙi a Yamazaki cikin ƙasa da mako biyu. Hasumiyar Azuchi ta ƙone a kwanakin. Hideyoshi ne ya kammala haɗa kan ƙasar a 1590, Ieyasu kuma ya zama shogun a 1603, gidansa ya riƙe Japan sama da shekaru 260.

Abin da ya rage a kan dutse

Fadar Gifu ba ta daɗe ba bayan maigidanta. A 1600 jikansa Hidenobu ya bi ɓangaren da ke adawa da Ieyasu, aka ci sansanin cikin ɗan lokaci gab da yaƙin Sekigahara. A 1601 aka rushe shi, aka kwashe katako da duwatsu zuwa sabon sansanin Kano da ke ƙasa. Sama da shekaru 300 kan dutsen ya zauna babu gini. An yi wani na katako a 1910, gobara ta cinye shi a 1943. Motar igiya ta fara aiki a 1955, sannan a 1956 aka gina fadar siminti da ake gani yanzu, wadda ke ɗauke da takubba da sulke da takardun zamanin. Mai son ganin abin da ya fi kusa da lokacin Nobunaga sai ya duba ragowar katangun dutse da ke ƙarƙashin ginin, ko ya bar mota ya hau da ƙafa ta tsohuwar hanyar Nanamagari mai yawan kwana.

Mutanen Gifu na alfahari da shi. Mutum-mutuminsa mai launin zinariya na tsaye a gaban tashar jirgin ƙasa tun 2009, riƙe da bindiga, kuma kowace shekara ana bikin tunawa da shi. Daga watan Mayu zuwa Oktoba, masunta na fita kogin Nagara da dare da wutar itace a goshin kwalekwale, suna kama kifi da wasu tsuntsayen ruwa da suka horar, sana'ar da ake cewa Nobunaga ya ɗaure wa gindi.

A ƙetaren kogin akwai wurin ibada na Sofukuji, inda aka yi wa Nobunaga da Nobutada hubbare. A ginin akwai wani silin na katako mai tabo-tabo, wanda aka ce daɓen fadar Gifu ne da jinin mayaƙan jikansa ya jiƙa a 1600, aka ɗora shi a can domin a riƙa yi musu addu'a. Daga tashar motar igiya zuwa wurin ba nisa, amma yawancin baƙi a saman dutse suke ƙare ziyararsu.